Amin Ɗin da Ya Cinye Mana Kwalbati

Jama'a, yau da hantsi na yi wanka na biyu ba da son raina ba. Ni da babur ɗina da buhu biyu na albasa munka shiga Haɗiye-Jaki tare, munka fito daban-daban. Ga wanda bai san yankinmu ba, Haɗiye-Jaki kwazazzabo ne da ya gitta tsakanin ƙauyenmu da titin da ke kai mutum kasuwar Goronyo. Da rani akuya tana ƙetare shi tana tuƙa abinta. Da damina kuwa, sunansa ya ishe ku bayani.

Faɗuwar ba ta ƙona mini rai kamar man da ke cikin tanki ba. Jiya na wuni a layin mai a Wurno, na samu lita uku da ƙyar, bayan wasu motoci masu baƙin gilashi sun shigo ta ƙofar fita sun sha sun ƙoshi, kamar yadda al'ada ta tanadar wa masu baƙin gilashi. Wannan man ne yau na shayar da kwaɗi.

Ina tsaye cikin ruwa iya cinya, ina kamun albasa kamar mai su, sai na ji murya daga kan gaɓa:

"Amin, Malam Ƙasimu! Amin summa amin!"

Baba Maccido ne, dattijon unguwarmu, wanda ya fi kowa daɗewa a noman albasa, ya kuma fi kowa tsawon harshe. Bai ce mini sannu ba. Mako uku ke nan rabon da wani ya gaishe ni gaisuwar kirki a garinmu. Mai shayi ya gan ni, amin. Mai faci ya gan ni, amin. Tunda abin ya kai haka, gara ku ji labarin daga bakina kafin ku ji shi daga bakin Baba Maccido, wanda labari ba ya ratsa hannunsa bai zuba masa barkono ba.

Mu manoman albasa ne. Muna cire ta da bazara, lokacin da kowa ke cirewa, lokacin da dillali ke kallon buhunka kamar ka kawo masa shara. Mai haƙuri sai ya zuba tasa cikin rudu, wato ɗan rumbun kara da ake ɗagawa bisa sanduna iska na ratsa shi, ya jira damina ta sa ta yi daraja. To ga inda gizo ke saƙa: lokacin da albasa ke tsada, shi ne lokacin da Haɗiye-Jaki ke cika. Mota ba ta shigowa. Albasa kuma ba ta jiran kowa. In damshi ya kama ɗaya ta ruɓe, sai ta yi ta yi wa maƙwabtanta wa'azi har su bi ta. Bara kashi ɗaya cikin uku na ruduna bayan gari na kai shi, angulu ma ta shinshina ta wuce. Bana kuma rudun na nan cike, ruwa ya sauka. Abin da muke roƙo shekara da shekaru bai wuce kwalbati ɗaya ba. Ba gada mai fitila ba, ba titi mai hannu biyu ba. Rami mai murfi wanda ruwa zai bi ta ƙasa, mota ta bi ta sama.

Kwatsam sai labari ya zo cewa an ware wani kaso daga can sama don a yi wa yankinmu aiki guda, da sharaɗin jama'a su taru su zaɓi aikin da kansu, a rubuta, a ɗauki hoto. Kun ji adalci tsantsa. Manyanmu biyu sunka ce za su taka da ƙafarsu su zo filin makarantar firamare su yi muhawara a gabanmu, mu talakawa mu yi alƙalanci.

Ba zan kama suna ba, ina da iyali. Na farkon mu kira shi Mai Girma Ubandoman Gobe, don duk alherinsa yana nan tafe gobe in Allah ya kai mu. Shi ke riƙe da makullin akwatin yanzu. Na biyun kuma Mai Daraja Magajin Jiya, wanda ya riƙe makullin kafin shi, kuma tun ranar da ya sauka Allah ya buɗe masa ido ya gano duk abin da ya kamata a yi. Ubandoma yana son a gina mana Ƙofar Maraba a bakin titi, da tayil da fitilu, da ƙatuwar albasa ta siminti a bisanta. Magaji kuwa yana son a ƙarasa ɗakin taron da ya fara shekara tara da sunka wuce, wanda har yau ba rufi, awakin garinmu ne kawai ke zaman majalisa a ciki. Kwalbati? Ko a mafarki ba wanda ya ambace shi.

Da manoma sunka taru a zauren Baba Maccido don zaɓen wanda zai yi magana da yawunmu, sai ido ya dawo kaina.

"Kai ka sauraren rediyo," in ji Baba Maccido. "Kai ka zama kana tunani har hura ta yi tsami gabanka. Yau ga ranar tunaninka. Tambaya guda anka ba mu. In ka zubar da ita, albasarmu ka zubar."

Gaskiya ne ban wuce aji huɗu na firamare ba. Sauran karatuna na tsince shi ne a rediyo, da tsofaffin jaridun da ake naɗe tsire da su, da dogon shirun da mai ban-ruwa ke samu a fadama. Amma akwai abin da na daɗe ina nazari: yadda manya ke magana in an zo batun kashe kuɗin jama'a. Ina da ɗan littafi da nake rubuta dabarunsu, kamar yadda maharbi ke haddace sawun namun daji. Na ce a raina, yau kura ta gamu da mai sanda.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kwana uku ina maimaita tambayata a tsakar gida. Na aske ta, na rage mata kitse, har ta koma haka: "Ranka ya daɗe, kwalbatin Haɗiye-Jaki, e ko a'a, kuma yaushe?"

Matata Turai tana tankaɗe tana saurare. Ta ce, "Malam, tambayar ta yi kyau. Mai tambayar nika ji ma tsoro. Kai da gaisuwar mai goro ka ɗauke ka rabin sa'a?"

Na ce mata mata ba su san siyasa ba. Na rubuta wannan jimlar a nan ne don ku san irin mutumin da ke ba ku labari.

Ranar taro anka kafa rumfuna, anka jera kujerun roba, manya a inuwa, mu a inda Allah ya ajiye rana. Anka ɗora wa Malam Philemon, malamin lissafi na makarantar, aikin tsaron lokaci, saboda shi mutumin Zuru ne, shekararsa goma sha ɗaya a cikinmu, ba ya da dangi a ɓangaren kowa. Agogo a hannun hagu, ƙararrawar makaranta a hannun dama. Duk wanda ya wuce lokacinsa, a kaɗa masa.

Ubandoma ya fara. Bai faɗi nawa ƙofar za ta ci ba. Sai ya ɗauki kuɗin ya raba su da yawan mutanen yankin, ya haɗa da jarirai, ya haɗa da waɗanda za a haifa nan da shekara hamsin, ya sake rabawa da kwanakin shekarun, har kuɗin sunka ƙanƙance sunka koma abin tausayi. "Jama'a," ya ce, "ɓarin goro na! Ɓarin goro guda a wata! Wa ad da zuciyar da zai hana garinsu mutunci saboda ɓarin goro?" Anka yi tafi. Ni kaina sai da na ji kunyar rowata.

Magaji ya tashi ya kama kuɗin nan dai, bai ƙara ko kwabo ba, ya canza su zuwa takardun naira biyar-biyar, ya shimfiɗa su a titi ɗaya bayan ɗaya. Sunka tashi daga nan sunka kai Rabah, sunka sha ruwa, sunka dawo, har anka samu ragowar da za a yi wa jaki bargo. Anka yi salati. Kuɗi ɗaya, a bakin wannan tururuwa, a bakin wancan giwa. Har anka tashi taron ba wanda ya ga dabbar da idonsa.

Na buɗe littafina na sa alama biyu.

Daga nan Magaji ya kawo gwauruwa. Ku da ke sauraron muhawara kun san ta. Wata tsohuwa ce mai marayu, wadda kullum take tare babban mutum a hanya, ta riƙe masa riga tana kuka. A bakin Magaji, kukan da ta yi shi ne ba ta da inda za ta zauna in ana taron gari. Da Ubandoma ya karɓa, ashe shi ma ta tare shi, a makon nan, ta riƙe tasa rigar, ta ce abin da ke hana ta barci shi ne baƙi na wucewa a mota ba su san akwai gari a nan ba. Na daɗe ina son in haɗu da baiwar Allahn nan. Shekara ashirin tana yawo tsakanin manya tana yage musu riguna, ba ta taɓa neman gero ko magani ba, kullum abin da mai rigar ke son ginawa shi take wa kuka. In kun san gidanta ku gaya mata Haɗiye-Jaki na gaishe ta.

Sai anka shiga sauya wa abu suna. Abin da Ubandoma zai kashe, sunansa zuba jari don jikoki. Abin da Magaji ya kashe a zamaninsa, sunansa almubazzaranci. Da Magaji ya karɓi lasifika sunayen sunka yi musayar riguna. Ya tambayi Ubandoma ina motoci goma sha biyun da anka saya don duba ayyuka, alhali ayyukan da za a duba ba su kai uku ba. Ubandoma bai ce ga su ba, bai ce babu su ba. Ya gyara babbar riga ya ce, "Mai tambayar mota, ina rufin ɗakin taro?" Magaji ya ce, "Mai tambayar rufi, ina kake sadda ambaliya ta ci gari?" Haka sunka yi ta jifan juna da tambaya, ba wadda ta faɗo ƙasa da amsa a jikinta. Mu kuma muna ta juya wuya kamar masu kallon dambe, muna ihu in an yi kwaf ɗaya, mun manta cewa a gonarmu ake damben.

Ubandoma ya rufe da cewa hanya biyu ce kawai a gabanmu: ko ƙofa, ko mu ci gaba da zama a duhun ƙauyanci har garuruwan da ba su kai mu albasa ba su riƙa yi mana dariya. Na duba littafina. Alama bakwai. Duk sawun da sunka taka na san shi. Na ji wani irin daɗi na mai ilimi, wanda yanzu na gane shi ne daɗin da kaza ke ji in ta gano inda anka watsa tsaba, ba ta tambayi dalilin watsawar ba.

Anka ce manoma su yi tambayarsu. Minti biyu. Na tashi, anka miƙo mini abin magana. Malam Philemon ya ɗaga agogo ya kaɗa mini kai.

Na ce, "Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe..."

"A'a!" Ubandoma ya miƙe tsaye, ya dafa ƙirji. "Tsaya, tsaya. Wanga ba ɗan Malam Isma'ila na ba? Na bakin masallaci? Allahu Akbar! Ina gida? Ina iyali? Ina wajen su inna? Ƙahwar tata ta yi sauƙi?"

To ku gaya mini, ɗan halas zai ji babba na tambayar ƙafar uwarsa ya ce masa e ko a'a? Na rusuna. Na ce lafiya lau. Na ce da sauƙi. Na ce za ta ji. Na tambayi nasa iyalin, don ba a yi mini tarbiyyar karɓar gaisuwa in riƙe ba. Ina cikin tambayar gajiyar hanya sai na ji wani tari daga ɓangaren mata, tarin Turai da na sani shekara ashirin da biyu. Na farka. Na runtse ido na sako ta gaba ɗaya:

"Ranka ya daɗe, kwalbatin Haɗiye-Jaki, e ko a'a, kuma yaushe?"

Wallahi na ga Baba Maccido ya gyara zama. Na ga Magajin Jiya yana murmushin mugunta. Tambaya ta fita, ta tsaya a tsakiyar fili, ba ta da ƙofar baya. Na duba littafina a zuci: in ya kawo gwauruwa na shirya, in ya ce ina nake lokacin ambaliya na shirya.

Ubandoma ya cire tabarau. Ya goge ido da bakin riga. Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauko ƙasa kamar ta mai ta'aziyya.

"Jama'a, kun ji muryar ga? Wallahi sai na ji kamar Malam Isma'ila na ya tashi shina magana. Mutumin da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ba ni iya amsa ɗansa ban yi mashi addu'a ba. Ku taya ni."

Ya ɗaga hannu. Fili duka ya ɗaga. Ni da ake yi wa ubana addu'a, in tsaya riƙe da ƙarfe? Na soke abin maganar a hammata na ɗaga nawa, biyu, sama da na kowa.

"Allah ya jiƙan Malam Isma'ila."

Amin.

"Allah ya jiƙan dukkan iyayenmu da sunka riga mu."

Amin.

"Allah ya kawo muna zaman lahiya, ya tsare ƙauyukanmu da hanyoyinmu daga miyagu."

Amin mai ƙarfi, don wannan ba wanda bai da ciwonta a yankinmu.

"Allah ya tsare albasarmu daga ruɓa, ya ba ta daraja."

Amin! Har da masu hawaye.

"Allah ya nuna muna ranar da za mu ɗauko ta mu bi da ita ta ƙarƙashin Ƙofar Marabarmu, mu da 'ya'yanmu, cikin lahiya da wadata."

Amin!

Tawa ta fi ta kowa, saboda abin maganar na hammatata, kusa da baki. Sai da ta fita ta lasifika huɗu ta dawo kunnena sannan na ji abin da na ce. Kafin in sauke hannu ya ce a yi Fatiha. Anka karanta, anka shafa. Kowa a ƙasar nan ya san abin da shafa Fatiha ke nufi a taro: an gama. Masu kujeru sunka fara naɗe kujeru, motoci sunka tashi, Magajin Jiya ma, wanda ya zo yaƙi, na gan shi yana shafa fuska yana neman takalminsa.

Bayan kwana shida anka kafa allo a bakin titi, dab da gaɓar Haɗiye-Jaki ta wancan ƙetaren. A jikinsa an rubuta cewa al'umma sun zaɓi Ƙofar Maraba da gagarumin rinjaye ta hanyar ɗaga hannu. Ga hoto nan shaida, fili cike, hannuwa a sama. A gaba, tsakiya, da ƙarfe a hammata da baki buɗe, ga mai ba ku labari.

Na tafi wurin Malam Philemon da fushina. Na ce, "Malam, amsa minti uku anka ce. Ya yi bakwai. Ina ƙararrawa?"

Ya ce, "Malam Ƙasimu, tsakani da Allah, in kaɗa ƙararrawa ana tsakiyar yi wa mahaifinka addu'a? Ni da nake cin tuwon sallah a gidanka? Ko a cocinmu wanda ya yi haka sai an kai shi gaban dattawa." Sannan ya ƙara da cewa, "Amin ɗin ma na ce. Uban kowa uba ne."

Abin dariyar, a takardar da anka rubuta an ce mutum ɗaya ne tak bai goyi baya ba. Shi ne Malam Philemon, don hoto ya nuna hannuwansa a ƙasa, ɗaya da agogo ɗaya da ƙararrawa. Yanzu shi kaɗai ne ɗan adawa a garinmu, kuma bai san lokacin da ya shiga ba.

Tun ranar nake juya abin a raina, ina ban-ruwan tunani. Shin amin da aka ja ka ka faɗa, taka ce ko ta wanda ya ja ka? In na ce ba tawa ba ce, to har da ta ubana na janye ke nan? In na ce tawa ce, to na zaɓi ƙofa. Kuma a cikin duk abin da mutumin nan ya roƙa, wanne ne mugun abu? Ko na ƙarshen ma, wa zai ƙi ya wuce ta ƙarƙashin ƙofa cikin lafiya da wadata? Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya jera gaskiya huɗu manya a sama, ya cusa abin da yake so a ƙarƙashi, ya ɗinke bakin da Fatiha. Addu'a ba ta yi laifi ba, albasa ce ba ta yi halin ruwa ba.

Na faɗa wa Turai wannan hikimar ina jiran yabo. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Manya a sama, ƙanana a ƙasa, a ɗinke baki. Malam, wanga ba shi na yadda kaka cika buhu ba?"

Na ce wannan daban. Kowa ya san hular buhu, wato manyan da ake jerawa a sama, ado ce. Dillali ya sani, mai saye ya sani.

"To shi ma kowa ya sani," ta ce. "Bambancin ku guda. Mai sayen albasa shina cewa a zazzage buhu ya ga tsakiya. Ku kun taɓa cewa a zazzage?"

Laifi tudu ne. Ban ci tuwon kirki ba ranar.

Wannan ya dawo da mu cikin ruwa, inda na bar ku ɗazu. Buhu ɗaya ya tsira, ɗayan ya fashe a kan dutse, kuma ya fashe ne ta ciki, ba ta hula ba. Mutanen da sunka taru taya ni tsinta, masu zuwa kasuwa da masu dawowa, kusan talatin, kowa ya ga abin da ke tsakiyar buhun Malam Ƙasimu mai nazarin dabarun manya. Baba Maccido ya ɗaga wata 'yar ƙarama kamar ƙwan zabo, ya duba ta, ya duba hotona a allon da ke bayansa.

"Ƙasimu, wagga ita ta ɓarin goron da Ubandoma ka hwaɗi?"

Anka yi dariya har da riƙe ciki. Na ci gaba da tsintar albasata, don wanda ke tsaye cikin ruwa da wando jiƙe ba ya da bakin muhawara.

Da anka gama tsinta, anka jawo babur, sai tsohon nan ya gyara tsayuwa a kan gaɓa ya ce, "Jama'a, bawan Allah ya tsira da ransa. Mu gode ma Allah." Ya ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga.

"Allah ya ƙara tsare mu." Amin. "Allah ya mayar ma Ƙasimu da abin da ya rasa." Amin. "Allah ya sa albasar da ta rage cikin rudunanmu ta ga kasuwa." Amin.

Sai na ji muryarsa ta sauko ƙasa, irin saukowar da na sani. Na buɗe ido ɗaya, na tarar shi ma ido ɗaya ya buɗe, yana kallona.

"Allah ya ba duk mai hannu a sama yanzu ikon hitowa gayya ran Assabar da sahe, da buhunan yashi da duwatsu da amalanke, mu cike bakin ramin ga da kanmu ko mota guda ta samu ta wuce."

Wannan karon na ji jimlar har ƙarshenta. Na san dabarar, na san sawunta, ina da shafinta a littafina da ya jiƙe a aljihu. Na san an ɗaure mutum talatin da igiyar da anka ɗaure gari da ita. Tambayar da ta zo mini ita ce, in dabara ta zama ƙazanta a hannun Ubandoma, mi ya wanke ta a hannun Baba Maccido? Ban samu amsa ba. Abin da na samu shi ne tunanin warin da ya fara tashi daga kusurwar ruduna tun shekaranjiya.

Na ce amin. Da ƙarfi, ba lasifika.

Asabar za mu fito. Yashi da dutse ba kwalbati ba ne, ruwa biyu masu ƙarfi za su iya tafiya da su, amma in mota uku ta samu ta shiga kafin nan, rabin albasar garin ta tsira. Malam Philemon ya ce zai zo da shebur, a matsayinsa na jagoran adawa. An ce Ubandoma ya ji labari ya yi murna ƙwarai, har zai turo mai hoto, don a nuna yadda Ƙofar Maraba ta zaburar da al'umma tun ba a gina ta ba. Muna godiya, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara basira.

Sai dai cutar ta shiga gari. Jiya da anka gama cin tuwo Turai ta ɗaga hannu ta yi wa iyayena addu'a, ta yi wa nata, ta gangaro a hankali har ta iso kan rufin ɗakin girki da ke yoyo. Yanzu ni a gidana ma sai na ji addu'a ta kai tasha kafin in sauke amin, a masallaci kuwa har liman ya fara yi mini wani kallo.

In hanya ta biyo da ku ta wajenmu kuka ga allo a bakin kwazazzabo da hoton wani mai furfura ya ɗaga hannu biyu sama, ku rage gudu, akwai rami. Ni ne. Ba ƙuri'a nake kaɗawa ba. Kwalbati nake roƙo, a wurin Wanda in ka kai masa kuka ba ya tambayar ka ina kake lokacin ambaliya.